Zaɓen 1957 da gwamnatin da ta yi wata 17

Ya ɗan'uwa mai karatu, ko a gidanku akwai tsoho ko tsohuwa da suka kai shekara casa'in? In akwai, ka je ka gaishe su, ka zauna, ka tambaye su labarin giwa da raƙumi. Ba giwar daji nake nufi ba, ba kuma raƙumin da ake kawowa kasuwar Barmu ba. Giwa da raƙumin da aka buga a kan takardar ƙuri'a nake nufi. Amma kafin ka je, bari in ba ka abin da ke rubuce cikin littattafan tarihi, don ka san inda za ka ajiye abin da za su gaya maka.

Ranar Lahadi ce, 31 ga watan Maris na shekarar 1957. Bazara ta kama, ana jiran tsayuwar watan azumi. Mu a ƙasar Tawa mun san Lahadi da kasuwa. To, wannan Lahadin ta zo da abin da ƙauyukanmu ba su taɓa gani ba. An ce duk wanda ya cika shekara 21, namiji ko mace, mai kuɗi ko talaka, manomi ko makiyayi, yana da ikon ya je ya jefa ƙuri'a. Za a zaɓi mutum 60 da za su zauna a majalisar Yamai. Daga cikin wannan majalisa kuma za a fitar da gwamnati, ta farko da ƴan ƙasa za su riƙe ma'aikatu a cikinta.

Wa ke da ƙasa a lokacin?

A lokacin Nijar ba ta mulkin kanta. Yanki ce ɗaya cikin yankuna 8 da Faransa ta ɗaure wuri guda kamar damin gero, ta sa musu suna Afirka ta Yamma ta Faransa. Ga su: Senegal, Muritaniya, Gine, Kwaddibuwa, Sudan wadda ta zama Mali, Hot-Bolta wadda ta zama Burkina Faso, Dahome wadda ta zama Benin, sai Nijar. Babban gwamna yana Dakar. Ƙarƙashinsa akwai gwamnan Yamai. Ƙarƙashin gwamna akwai kumandan, kamar na Tawa. Daga kumandan sai sarki, daga sarki sai mai gari, daga mai gari sai kakanka. Umurni daga sama yake gangarowa. Lanho da jangali kuwa daga ƙasa suke hawa.

Bayan yaƙin duniya na biyu abubuwa suka fara sassautawa. A ranar 11 ga Afrilu 1946 aka soke aikin dole. A cikin wannan shekara aka yarda kowane yanki ya sami ƴar majalisa. Amma akwati biyu ake ajiyewa. Ɗaya na Faransawa ne, su da ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, ga shi an ware musu kujeru masu yawa. Ɗaya kuma na ƴan ƙasa ne, su ma ba kowa ba: sarakuna, ma'aikata, tsofaffin soja, manyan ƴan kasuwa, da waɗanda suka yi karatu. A 1951 aka ƙara da masu gida da matan da suka haifi ƴaƴa biyu. Wannan majalisa ba ta naɗa kowa, ba ta tuɓe kowa. Ta yi magana kan kasafin kuɗi, gwamna ya yi abin da ya ga dama.

Me ya sa Faransa ta ƙara sakin igiya? Don ta ga wuta ta kewaye ta. A 1954 aka ci ta da yaƙi a Biyetnam. A watan Nuwamba na wannan shekara yaƙi ya tashi a Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa. A watan Maris 1956 Maroko da Tunisiya suka sami mulkin kai. Sai wani minista mai suna Gaston Defer ya kawo doka, aka amince da ita ranar 23 ga Yuni 1956. Dokar ta ce akwati ya zama ɗaya, kowa ya yi zaɓe, kowane yanki kuma ya sami gwamnatinsa ta cikin gida.

Ka lura da wani abu. Ranar 6 ga Maris 1957 Gana ta sami ƴancin kai a hannun Kwame Nkuruma. Kwana 25 ke nan kafin zaɓenmu. Ka kuwa san mutanen Adar da tafiya bida. Tun wancan zamani samarinmu suna zuwa Kumasi da Ankara, suna zuwa Sakkwato da Kano. In sun dawo ba atamfa da turare kaɗai suke kawowa ba, har da labari.

Ƴan gari ɗaya, hanya biyu

Manyan ƴan siyasar wannan zamani guda biyu ƴan gari ɗaya ne, kuma dangi ne. An haifi Jori Hamani a 1916, an haifi Jibo Bakari a 1922, dukansu a Sudure, kusa da Yamai. Dukansu sun yi karatu a babbar makarantar horar da malamai ta Wiliyam Ponti a Senegal. Dukansu sun riƙe alli. Jibo ya koyar a Birnin Ƙwanni da Agadas. (Kada ka haɗa su da Jibo Hamani, malamin tarihi ɗan ƙasar nan, wanda aka sa wa jami'ar Tawa sunansa. Shi daban ne.)

Da farko jam'iyyarsu ɗaya, wato PPN, wadda aka kafa a 1946, ta kuma zama reshen babbar ƙungiyar RDA ta Ufuwet Buwanyi na Kwaddibuwa. Alamar RDA giwa ce. Wajen 1950 shugabannin RDA suka ga faɗa da gwamnan Nasara ya ishe su, suka yanke shawarar su sasanta da shi. Jori ya bi. Jibo ya ƙi. Ya bar jam'iyyar, ya koma shirya ƙungiyoyin ƴan ƙwadago, a 1954 kuma ya kafa tasa jam'iyya mai suna UDN. Ita ce jama'a suka riƙa kira Sawaba. Alamarta raƙumi.

Kalmar sawaba ba sai na fassara maka ba. Ka san abin da mai ɗauke da kaya ke ji in an sauke masa. A Kano ma jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950, da wannan kalma take kira. Mutanen Jibo su ne ƙananan mutane na gari da na hanya: direbobi da yaran mota, teloli, masu dako, ƴan koli, fataken goro, ƙananan ma'aikata, da matan kasuwa. Su ne suka kai sunan Sawaba daga tasha zuwa tasha, daga kasuwa zuwa kasuwa, musamman a ƙasashen Hausa, tun daga Adar har Damagaram.

Akwai kuma ɓangare na uku, wanda mutane suka fi mantawa, alhali kuwa shi ne gishirin labarin. Wannan shi ne ɓangaren sarakuna da ƴaƴan sarakuna. A 1948, da taimakon hukumar Nasara, aka kafa musu jam'iyya mai suna UNIS don ta tare wa RDA hanya. A zaɓen 1952 ta kwashe kusan dukan kujerun ƴan ƙasa. Daga baya ta tsage. Babban ɓangarenta ya zama jam'iyyar BNA. Manyanta su ne Isufu Saidu, ɗan gidan Zarmakwai na Doso, da Jorj Konda, haifaffen Maraɗi wanda ubansa Bafaranshe ne, da Adamu Mayaƙi na Filinge. BNA ba ta da masu yi mata ihu a tasha. Abin da take da shi sarakuna, sarki kuwa a wancan lokaci in ya juya rawaninsa, ƙuri'un ƙasarsa na biye da shi.

Yanzu ga lissafi, ka yi shi da kanka. A watan Nuwamba 1956 aka yi zaɓen majalisar garin Yamai, mai kujeru 27. RDA ta sami 13. Jam'iyyar Jibo ta sami 10. BNA ta sami 4. Wa ya ci? Kowa zai ce mai 13. Amma majalisar ce ke zaɓen magajin gari, kuma sai da goyon bayan fiye da rabi. Sai masu 4 suka tashi suka zauna kusa da masu 10. Goma da huɗu, 14. Jibo Bakari ya zama magajin garin Yamai na farko, RDA tana kallo da kujerunta 13.

Nan take jam'iyyun biyu suka haɗe, suka ɗauki suna ɗaya, MSA. Suna ɗaya, amma gida biyu ne. Ɗaya gidan na masu cewa sarakuna suna cin talakawa ne. Ɗaya gidan kuwa na sarakunan ne da kansu. Me ya haɗa su? Kowanne yana da abin da ɗan'uwansa ba shi da shi. Jibo yana da gari da tasha, ba shi da ƙauye. Sarakuna suna da ƙauye, amma sun ga zamani yana juyawa, suna neman bangon jingina. Sa'an nan dukansu ba sa son RDA ta hau. A ganina ƙiyayyar giwa ta fi son juna ƙarfi a cikin wannan aure. Irinsa ne Hausawa ke kira gamin gambiza.

Ranar ƙuri'a

Ga yadda aka yi zaɓen. An raba ƙasa mazaɓa mazaɓa, wato yankunan da kowanne ke zaɓen wakilansa tare. Barmu tana cikin ta Tawa. Ba mutum ɗaya ake zaɓa ba. Kowace jam'iyya tana kawo jerin sunaye a kan takardarta. Mai zaɓe ya ɗauki takardar da yake so, ya sa a ambulan, ya jefa a akwati. Jerin da ya fi ƙuri'a shi ke kwashe kujerun mazaɓar gaba ɗaya, ko da da ƙuri'a ɗaya ya fi. Na biyu ya tashi hannu wofi.

Sunayen da ke kan takardar, mutum nawa ne a ƙauye za su iya karanta su? Yaran da ke lakkwal a duk ƙasar kaɗan ne ƙwarai a lokacin, malaman allo kuma ba da baƙaƙen Nasara suke karatu ba. Shi ya sa launin takarda da hoton da ke kanta suka fi sunan ɗan takara amfani. Shi ya sa kuma maganar mai gari ta yi nauyi. A wurare da yawa shi ne ke nuna takardar da za a ɗauka, shi ma daga fada aka nuna masa.

Waɗanda suka fito ba su kai kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka rubuta ba. Ni dai ban ga abin mamaki a nan ba. Ka tuna ƙarshen Maris a arewacin Adar. Makiyayi yana bakin rijiya tun asuba, ba zai bar dabbobi da ƙishi ya tafi neman akwati ba. Samari suna wurin bida. Akwatin yana nesa, tafiyar kuma ta ƙafa ce ko ta jaki. Ban da haka, mutumin da ya saba duk lokacin da aka rubuta sunansa lanho ne ke biyo baya, ba zai yi gudu don an kira shi da takarda ba.

Da aka ƙidaya, MSA ta sami kujeru 41, RDA ta sami 19. Ƙarfin giwa ya tsaya a yamma, wajen kogi. Tsakiyar ƙasa da gabas suka bi Sawaba da abokanta. Shi kansa Jibo Bakari, Bazabarme ɗan bakin kogi, a mazaɓar Tawa ya tsaya, daga nan aka zaɓe shi. Ke nan shugaban gwamnatin farko ta Nijar da ƙuri'ar mutanen ƙasar nan ya shiga majalisa.

A watan Mayu 1957 majalisa ta naɗa gwamnati. Aka raba kujeru tsakanin gidajen nan biyu. Jorj Konda na BNA ya zama shugaban majalisa. Adamu Mayaƙi ya zama minista. Mutanen Jibo na ƙungiyoyin ƙwadago su ma suka sami ma'aikatu. Wani injiniya ɗan asalin Senegal, Isa Jop, ya riƙe kuɗi. Har Faransawa mazauna ƙasar sun shiga, kamar Piyer Bidal da aka ba ma'aikatar lafiya.

Amma kada ka ɗauka mulki ne cikakke. Muƙamin Jibo shi ne mataimakin shugaban majalisar gwamnati. Shugaban kuwa gwamnan Nasara ne, Pol Bordiye. An bar wa ministoci noma, kiwo, lafiya, makarantu, hanyoyi da kasafin kuɗin cikin gida. Soja, kuɗin da ake kashewa, manyan kotuna da hulɗa da ƙasashen waje suna hannun Faransa. Kumandan na Tawa yana nan a kujerarsa, Bafaranshe ne kamar jiya. An ba ƴan ƙasa akala, amma dabaibayin yana hannun mai shi.

Inda bango ya fara tsagewa

Talakan da ya bi raƙumi yana jiran ya ga sawaba a ƙofar gidansa. Yana son a rage masa lanho, a hana dogarai ƙwace, a daina yi masa shari'ar son rai. Ƴan Sawaba na gari suka fara shiga ƙauyuka suna kafa rassa, suna sauraron ƙarar mutane, abin da a da aikin fada ne. Gwamnati ta dakatar da waɗansu sarakuna, ta tuɓe waɗansu. Ko da wanda aka tuɓe ɗin abokin gaba ne, sauran sarakuna sun ga abin da ya same shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai ga labari daga Gine. A ƙarshen Disamba 1957 gwamnatin Seku Ture ta soke sarautar gargajiya gaba ɗaya. Jibo bai yi haka ba, bai kuma ce zai yi ba. Amma sarakunanmu sun san shi da Seku Ture tafiyarsu ɗaya tun a ƙungiyoyin ƙwadago. Daga nan kowa ya fara barci da ido ɗaya.

RDA ita ma ba ta zauna ba. Ta yi ta sukar gwamnati a majalisa da waje. A watan Afrilu 1958 aka yi mummunan faɗa a Yamai tsakanin magoya bayan ɓangarorin biyu.

Akwai wata magana da ta shafe mu kai tsaye. A watan Janairu 1957 Faransa ta kafa wata hukuma ta musamman don Sahara, mai suna OCRS. Ta zana mata iyaka a cikin Aljeriya, Sudan, Nijar da Cadi. A cikin dokar an ambaci arewacin ƙasar Tawa da ta Agadas da suna. Me ake nema a cikin rairayi? A 1956 an sami man fetur a Saharar Aljeriya. A 1957 an gano alamun yuraniyom a Azelik, kusa da Tagidda, inda makiyayanmu ke kai dabbobi lasar gishiri. Faransa kuma tana shirin gwada bam ɗinta a hamada, abin da ta yi a Regan a watan Fabrairu 1960. Ga kuma yaƙin Aljeriya yana ci, Nijar tana da doguwar iyaka da ita. Ka riƙe wannan, don shi zai nuna maka dalilin da ya sa Faransa ta ƙyale Gine ta tafi, amma ta riƙe Nijar da hannu biyu.

I ko a'a

A watan Yuni 1958 Janar Dagol ya dawo kan mulki a Faransa. Ya ce za a yi ƙuri'ar raba gardama ranar 28 ga Satumba. Wanda ya ce i, ya zauna cikin wata sabuwar tarayya da Faransa, da mulkin cikin gida. Wanda ya ce a'a, ya sami ƴancin kai nan take, amma Faransa za ta kwashe ma'aikatanta da kuɗinta.

A ƙarshen Yuli aka yi babban taro a Kotonu na wata sabuwar ƙungiya mai suna PRA, wadda Sawaba ta shiga. Taron ya nemi ƴancin kai ba tare da jinkiri ba, aka kuma zaɓi Jibo babban sakatare. A daidai wannan lokaci aka ɗaga muƙaminsa, ya zama cikakken shugaban majalisar gwamnati. Sawaba ta ce a jefa a'a.

A nan auren ya mutu. Isufu Saidu ya fita. Adamu Mayaƙi ya fita. Jorj Konda ya bi. Ministoci Faransawa suka fita. Manyan sarakuna suka ce i za su yi. Abokan Jibo na waje, irin su Sangor na Senegal, waɗanda aka yi taron Kotonu da su, su ma suka koma i. Kujerun nan 41 da ake taƙama da su, aka wayi gari an ga yawancinsu aro ne.

Sai mu yi adalci. Masu cewa i suna da hujjarsu. Sun ce Nijar ba ta da teku, ba ta da jirgin ƙasa, likitocinta da injiniyoyinta ana iya ƙirga su da yatsu, baitulmali kuma bai iya biyan albashi sai da gudummawar Faransa. Sun ce a bi sannu. Masu cewa a'a suka ce wanda ya jira sai ya ƙoshi kafin ya nemi ƴanci ba zai taɓa nema ba, ga kuma Najeriya da Gana kusa, da su muke ciniki tun kaka da kakanni. Da an bar mutane sun auna maganganun nan biyu da kansu, da babu mai ƙorafi.

Ba a bar su ba. A ƙarshen Agusta Faransa ta aiko da sabon gwamna, Don Jan Kolombani, aikinsa shi ne ya tabbatar i ta ci. Aka sa kumandoji suka shiga yaƙin neman ƙuri'a. Aka zagaya fadodi. Aka ƙaro soja da motocinsu, jiragen sama suka riƙa shawagi a kan garuruwa. Ka tuna ƙarshen Satumba ne, gero ya nuna, mutane suna gona. Manomin da bai taɓa ganin motar soja a ƙofar garinsu ba, ya gan ta, sarki kuma ya aiko cewa ga takardar da za a ɗauka. Me kake tsammani zai yi?

Aka bayyana sakamako: i 372,383, a'a 102,395. Wato cikin kowane mutum 100 da suka jefa, kamar 78 sun ce i, 22 sun ce a'a. Mafi yawan waɗanda aka rubuta, fiye da 60 cikin 100, ba su fito ba sam. Ban da Gine, babu yankin da a'a ta yi yawa a Afirka ta Yamma ta Faransa kamar Nijar. Gine ta sami ƴancinta ranar 2 ga Oktoba. Ranar 19 ga Oktoba 1958 Jibo Bakari ya ajiye aiki. Daga Mayu 1957 zuwa wannan rana, wata 17.

Ƙawance na biyu

A watan Nuwamba aka rushe majalisar da aka zaɓa don ta yi shekara 5. Aka sa sabon zaɓe ranar 14 ga Disamba 1958. A wannan karo RDA ce ta yi abin da Jibo ya yi a 1956. Ta haɗa kai da sarakuna da tsofaffin ƴan BNA, suka fito da jeri ɗaya mai suna UCFA. Suka sami kujeru 49. Sawaba ta sami 11, a Tasawa da Damagaram, su ma daga baya aka soke su.

Ranar 18 ga Disamba 1958 sabuwar majalisa ta zauna, ta yi shelar Jamhuriyar Nijar. Wannan ce ranar da muka sani da ranar Jamhuriya. Jori Hamani ya zama shugaban gwamnati, Bubu Hama shugaban majalisa, Jambala Yansambu Maiga ministan cikin gida. Ka duba sauran sunayen da suka riƙe muƙamai a wannan mulki, za ka ga waɗanda ka riga ka sani: Adamu Mayaƙi, Isufu Saidu, da Muddur Zakara, sarkin Abzinawan Imanan. Hannun da ya ɗora Jibo shi ne ya sauke shi, shi ne kuma ya ɗora Jori.

Sai dai Jori ya ga abin da ya sami ɗan'uwansa, bai yarda ya zauna a kan kujerar aro ba. Bai bar abokan ƙawancensa da gida nasu ba, duka aka shigar da su cikin PPN-RDA. Ranar 12 ga Oktoba 1959 aka haramta Sawaba. Lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai, ranar 3 ga Agusta 1960, jam'iyya ɗaya ce tak a ƙasa, haka kuma aka zauna har soja suka karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974. Jibo ya yi gudun hijira zuwa Mali, Gana da Gine. A 1964 mutanensa suka shigo da makamai, aka murƙushe su, waɗansu aka kashe, da yawa aka ɗaure. Wannan labari ne mai ɗaci, yana son zama na daban.

Daga Disamba 1958, sai da aka yi shekara 34 kafin mutumin Barmu ya sāke ganin takardun jam'iyyu da yawa a gabansa ranar zaɓen majalisa. Wannan ya faru ranar 14 ga Fabrairu 1993. Jam'iyyar MNSD ta fi kowa kujeru, 29 cikin 83, amma sauran suka haɗu cikin ƙawancen AFC suka fi ta yawa. Ɗan gidan Zarmakwai na Doso, Mumuni Adamu, yana cikin waɗanda suka rinjayar da ma'auni, ya zama shugaban majalisa. Ɗan Adar, Mahamadu Isufu na Dandaji, ya zama firayim minista a watan Afrilu 1993. A watan Satumba 1994 ƙawancen ya tsage, ya ajiye aiki. In ka ƙirga da yatsunka, shi ma wata 17 ne.

Jibo Bakari ya dawo gida a 1974, aka ɗaure shi a shekarar da ta biyo, ya yi shekaru a tsare. Ya rasu a Yamai a watan Afrilu 1998. Jori Hamani shi ma ya yi shekaru a tsare bayan juyin mulki, ya rasu a Rabat ta Maroko a watan Afrilu 1989. Babban filin jirgin saman Yamai sunan Jori yake ɗauke da shi. A watan Oktoba 2024 kuma hukumomi suka cire sunan Janar Dagol daga wani babban titi na birnin, suka sa na Jibo Bakari.